Na biya kuɗin faifan Switchfoot na 2003, aka kawo min na 2023

Sati uku ina jiran saƙon nan. Abin da na saya a fili yake, faifan ƙungiyar mawaƙa ta Switchfoot mai suna The Beautiful Letdown, wanda ya fito a 2003, kuma hoton tsohon ne mai sayarwar ya sa a shafinsa. Da ɗan aike ya miƙo min, tun a bakin ƙofa na yage ledar, sai na ga ƙarin kalmomi biyu a jikin kwalin: Our Version, ma'ana "namu salon". Wato sabon ɗauka da suka yi a 2023, lokacin da faifan ya cika shekara 20. Ga kuma gefen kwalin a murƙushe. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na rubuta wa mutumin, ya ce min ai duk ɗaya ne, waƙoƙin ba su canza ba. Wannan amsar ta fi kuskuren ƙona min rai. A wurina ba ɗaya ba ne. Tsohon faifan na yayana ne, shi muke sakawa a ɗakinmu a Jos har ya karce ya fara tsalle a waƙa ta biyar. Da shi na koyi riƙe jita, ina tsayar da waƙa ina laluben igiyoyi da yatsun da suka yi kanta, tun kafin a bar ni in taɓa jitar majami'a. Wannan sautin nake nema, shi kansa.

Kwana biyu faifan na kan tebur ban taɓa shi ba. Ran Lahadi da yamma, bayan mun taso sujada, na ce bari dai in ji abin da kuɗina ya sayo. Ban tashi daga wurin ba sai da ya ƙare. Jon Foreman, jagoran mawaƙan, yana da shekara 26 da tsohon faifan ya fito, yana da 46 da sabon ya fito, kuma ana jin shekarun a muryarsa. Ta yi nauyi, ta ɗan dishe, ba ta gaggawa. A tsohon ɗauka saurayi ne ke tambayar ko rayuwa ta wuce abin da ido ke gani. A nan magidanci ne da ya sha gwagwarmaya, kuma har yau bai daina tambayar ba. Da waƙa ta biyar ta zo, ta wuce sumul babu tsalle, sai na ji ƙwalla ta cika min ido.

Wanda ya san tafiyarsu zai gane me ya sa suka kira shi nasu. 'Yan San Diego ne a Amurka, Jon da ƙaninsa Tim mai jitar bas, 'ya'yan fasto, da Chad Butler mai ganga. Sun fara a 1996, kuma sunan ma daga wasan hawan igiyar teku suka ɗauko shi. Charlie Peacock, wani mai shirya waƙoƙi, ya ɗauke su a ƙaramin kamfaninsa, amma da kamfanin waƙoƙin Kirista na Sparrow ya saye shi sai faifansu uku na farko suka tsaya a kasuwar waƙoƙin Kirista, alhali su kowa suke so ya ji. Sun daɗe suna cewa Kiristanci bangaskiyarsu ce, ba sunan salon kiɗansu ba. Faifan 2003 ne ya fitar da su fili a ƙarƙashin babban kamfanin Columbia, aka sayar da kwafi fiye da miliyan 2. A 2007 suka rabu da kamfanin, suka kafa nasu, suka gina ɗakin ɗaukar waƙa na kansu, kuma faifan Hello Hurricane da suka fitar a 2009 ya ciwo musu lambar yabon waƙa ta Grammy a 2011. Mutanen da suka bi wannan hanya, ban ga laifinsu ba don sun koma sun sake rera waƙoƙin da bakinsu na yau.

Amma fa kada a ɗauka na huce gaba ɗaya. Waƙar farko ba ta kai tsohuwar ba. A ta 2003 jitar tana shigowa kamar an banko ƙofa, a nan kuwa an gyara ta ta yi tsaf, kuma kunnena bai yarda ba. Duk lokacin da na ɗauki kwalin na ga murƙushewar nan, sai in tuna amsar mai sayarwar, raina ya sake tashi. Har yau bai ce min yi haƙuri ba, balle ya gyara hoton da ke shafinsa.

Faifan zan riƙe shi, na riga na saka shi fiye da sau goma. Wurin mutumin nan kuwa na daina sayayya. Mai neman na asali ya sa a turo masa hoton bayan kwalin ya ga shekarar da idonsa kafin ya tura kuɗi. Ni ma har yanzu ina cigiyar na 2003, don in kai wa yayana.