Gargaɗi ga masu motocin dizal a Kumasi kan wani mai haɗa rimot

Sidi 3,800 na biya, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ban daina jin kunyar kaina ba. Shekara goma sha shida ina tuƙi tsakanin Kumasi da Techiman, na san ƙarar injin mai lafiya tun daga nesa, saboda haka kada wani ya ce mini rashin sanin mota ne ya jawo.

A bakin masallaci muka haɗu da mai haɗa rimot ɗin a Aboabo bayan sallar Juma'a, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Alhaji, wannan Hilux ɗin taka ta cancanci rimot, kana ɗaki za ka tayar da ita." Wannan gaisuwar ce ta cuce ni. Na sha maimaita ta a raina, yadda ya rusuna, yadda ya ambaci sunan limamin unguwarmu kamar ɗan gida. Na tura masa sidi 2,000 ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, a ranar, ko kuma washegari ne, domin sai da ya fara nuna mini bidiyon wata mota tana tashi ba kowa a ciki. Ragowar 1,800 a hannu na ba shi, ba tare da rasit ba.

Ranar da ya haɗa na'urar da rana tsaka ne, injin da zafinsa, shi ya sa ta tashi bugu ɗaya. Duk mai dizal ya san cewa idan injin ya kwana, sai an murza makulli an jira fitilar hita, wato na'urar da ke ɗumama injin, ta mutu kafin a tayar, kuma na tambaye shi wannan da bakina, ya ce, "Alhaji, an saita jiran." Bai saita komai ba. Da asuba cikin sanyin hunturu na danna rimot, sitata ta yi ta juyawa tana gurnani, farin hayaƙi yana fita, motar ta ƙi tashi, cikin kwana huɗu batir ya mutu.

Kafin batirin ya mutu ma, abin da ya fi tayar mini da hankali ya riga ya faru. Motata mai giyar hannu ce, na bar ta a giya ɗaya, da na danna sai ta zabura ta daki durom ɗin ruwa a ƙofar gida, inda jikata take zama kullum da safe. Allah ne kawai ya kiyaye.

Wani dattijon mai gyaran wayar mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ne ya buɗe ƙasan sitiyari ya nuna mini ɓarnar: wayoyi an murɗe su da hannu an naɗe da salatif, babu fis, babu abin da zai hana tashi idan mota tana cikin giya, sannan makullina na ajiya, wanda mai haɗa rimot ɗin ya ce zai kwafi lambarsa ya dawo mini da shi, yana nan ɗaure a jikin gidan makulli. Ma'ana ya kashe tsaron motar gaba ɗaya, duk ɓarawon da ya shiga ya samu abin da yake nema. Sidi 3,800, ga kuɗin sabon batir, ga kuɗin kwance aikin.

Wayar mai haɗa rimot ɗin a kashe take yau kwana goma sha ɗaya, shagon da ya nuna mini a Asawase kuma na wani ne daban. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da shaidar tura kuɗin suna hannuna, zan saka su da zarar na dawo daga wurin 'yan sanda.

Kada ku ba kowa makullin ajiya, kuma kada ku cika kuɗi sai an gwada da injin da ya kwana.