Gargaɗi ga masu neman inda za a daidaita musu babban katako

Jama'a don Allah ku yi hattara, abin da ya same ni bana so ya samu kowa. Ina da wani falankin katako guda, tsawo ƙafa 8, kauri inci 3, shekara 3 cur ina ajiye da shi a inuwa yana bushewa, don ƙa'idar da kafintoci suka sani kusan shekara ɗaya ce ga kowane inci. Tebur nake son yi da shi. Da ya bushe sai ya ɗan murɗe, in ka danna kusurwa ɗaya ɗayar ta ɗaga, kuma faɗinsa ya fi ƙarfin injin kafintana.

Sai na ci karo da wani a Facebook yana saka bidiyon injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, yana shafe manyan katakai sumul, yace har gida yake zuwa ya ɗauka. Nace zan zo in ga wurin aikin, yace wai suna gyaran rufi, kuma na yarda, nan ne na yi sake. Na tura rabin kuɗi kafin alƙalami, mota ta zo ta ɗauka.

Sati 3 sai ga katako an dawo da shi yana sheƙi, an shafa masa banish wanda ni ban ce a shafa ba. Na cika kuɗi ina murna. Ko sati biyu bai yi ba ya fara bankarewa, bakinsa ya tsage. Kafintana ya kankare banish ɗin ya sa na'urar auna danshi, sama da 20 cikin 100, alhali katakon kayan ɗaki bai kamata ya wuce 12 ba. Muka juya shi, wani kulli mai kama da ido da na sani a ƙasan nawa babu shi. Wallahi ba katakona bane, ɗanye ya musanya min, banish ɗin don ya rufe asiri ne. Na kira layi a kashe, shafin ma ya bloke ni, bidiyon kuwa ashe na wasu ne ya kwaso.

In za ku ba da naku ku je ku ga injin da idonku yana aiki. Ku auna kauri da tef, ku ɗau hoton kowane kulli da tsaga, ku rubuta sunanku da alƙalamin maka a gefen da ba za a shafe ba. Ku tambaye shi kauri nawa zai rage, mai aikin gaskiya sai ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ya ga murɗewar kafin ya amsa, kuma fuska biyun zai ci kusan daidai, don in ɗaya kawai aka ci katakon na iya sake lanƙwasa. Kar ku karɓa da banish ko fenti, kuma kar ku cika kuɗi sai kun auna danshi a gabansa.

Har yanzu shafin na nan, ya canza suna kawai, bidiyon dai su ne.