Masu tsohon babur a yi hattara da mai tallan kayan gyaran fitila a Facebook

Salam 'yan uwa, dan Allah duk mai tsohon mashin irin su Jincheng ko Suzuki ko tsohuwar CG ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura ma wani ko sisi, ni dai an riga an yi min.

Babur ɗina Jincheng AX100 ne mai batir 6V, na babanmu ne Allah ya jiƙansa, kuma wlh har yau injin bai taɓa ba ni kunya ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma na ajiye tunanin mota na rungume shi hannu bibbiyu. Matsalarsa ɗaya ce, fitila. Duk wanda ya hau irinsa ya sani, wutar fitilar daga koyil take zuwa kai tsaye, in ka murɗa totur ta yi haske in ka sassauta ta koma kamar aci-balbal, ni kuma kusan kullum sai bayan isha'i nake baro Sabon Garin Zariya in kama hanyar Giwa, ga ramuka ga manyan motoci, sau biyu ina kusan afka ma jaki.

To a nan ne na ci karo da bidiyon mai tallan a Facebook. Tsohon Jincheng ne sak irin nawa a cikin duhu, ya kunna fitila ta haske har ƙarshen layi. Ya ce wai wani ɗan akwati ne ake kawo masa daga Nnewi, da ka jona shi mashin ya koma 12V, ba sai ka canza batir ba ba sai ka taɓa koyil ba, ga ƙwan LED mai 100W, kuma wai ka rabu da wahalar goge foyin, 'yan ƙarafan nan da ke sa fulogi ya ba da wuta a wasu tsofaffin mashina, har abada. Nan ya kamata in farga, don AX100 ba shi da foyin tun asali da CDI yake zuwa, abin da makanikai ke ce ma biren bos, amma son banza ya rufe min ido. Kwamen sun fi ɗari duk ana ta Allah ya saka da alheri oga kaya sun iso, daga baya da na bi su ɗaya bayan ɗaya na ga yawanci akawun ne marasa hoto da aka buɗe kwanan nan.

Kuɗi dubu 38, ya ce in tura 20 kafin alƙalami. Sunan da ya fito a akawun ɗin daban da sunan da ke shafin, na tambaya ya ce na yaron shagonsa ne. Na tura. Kwana huɗu shiru, rana ta biyar wani ya kira wai shi direba ne yana tashar Kwangila a Zariya da saƙona, sai na cika ragowar 18 da dubu 3 kuɗin wayabil kafin ya miƙa min, kuma ba a buɗewa a tasha wai dokar kamfani ce. Na biya na karɓi kwali an naɗe shi da salatif kamar kayan gaske.

Abin da ya fi min ciwo ma ba kuɗin ba ne. Mutumin ya haɗa ni da wani wai makanikensu mai zagayawa, ya zo har ƙofar gida da 'yar jakar sifana, ya buɗe murfin magneto ya ce ai koyil ɗinka ya gaji Alhaji, bari in sa maka sabo kyauta in tafi da wannan a matsayin musaya. Koyil ɗin asali ne fa da ya zo da mashin, ya zare shi ya sa wani mara nauyi, ya yanka wayoyi ya murɗa su da hannu ya naɗe da baƙin tef, ko fiyus bai sa ba. Daren farko gsky fitila ta yi haske har na kira abokina ina yi masa kuri, duk da tana ƙyafta ido in mashin na silo. Dare na uku wajen Shika na ɗan ja wuta kawai sai na ji warin roba, fitila ta yi fari fat ta ɗauke, da tocilan waya a baki na ƙarasa gida. Na kira lamba a kashe, na shiga shafin an yi blokin ɗina.

Washegari na tura mashin ɗin wajen Baba mai wayarin da muka saba, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Ya kalli akwatin ya girgiza shi a kunne, ya ɗauko guduma ya fasa. Wallahi abin da ke ciki diyod ne guda ɗaya tal da guntun waya, sauran duk yashi ne aka zuba baƙin gam a kai don ya yi nauyi. Ya ce yaro wannan ai ba caja ba ce, wato abin da ke gyara wutar koyil ta shiga batir, ba abin da ke tare wuta a ciki, in ka ja totur wutar koyil tana hawa sama sosai, ba regileta dole ƙwai ya ƙone. Ya ɗauko irin ƙwan nan mai rubutun 100W daga shagon maƙwabcinsa ya jona a batirin 12V ya sa mita, ko amfiya 1 bai ja ba, ya ce lissafa da kanka, bolt sau amfiya shi ne wat, wato bai kai 12W ba ma. Ya ce in da 100W ɗin gaske ne koyil ɗin wannan mashin ba zai iya ɗaukarsa ba ko da wasa.

Shi ya min bayanin yadda aikin yake in za a yi shi tsakani da Allah, kuma ana yi, ba wai ba zai yiwu ba ne. Sai an fara auna abin da koyil ke bayarwa, in bai kai ba a sake naɗa shi ko a canza, a sa caja ta 12V mai regileta, a sa batirin 12V, sannan duk ƙwayayen sigina da na baya da hon da filasha a canza su don na 6V ne za su ƙone, a sa fiyus kusa da batir, fitilar kuma a ɗauko mata wuta daga batir don ta daina rawa. In an gama a sa mita a kan batir, mashin a kashe ya nuna wajen 12.6, in an ba shi wuta ya hau 13.5 zuwa 14.5, in ya wuce haka ko bai motsa ba to akwai matsala. Ya kuma ce in lura da ƙwan da zan saya, wasu LED ɗin ba sa zama daidai a tsohon kwanon fitila, haske ya watse sama ka kashe ma mai tahowa ido kai kuma ba ka ganin ramin gabanka, gara a saita a jikin bango da daddare.

Yanzu dai na koma neman koyil na asali ɗan kwance, an ce in leƙa Panteka a Kaduna, don wanda ɓarawon ya sa min Baba ya kankare wayar da wuƙa muka ga fara ce a ciki, alminiyon aka shafa ma kalar tagulla. Na kai ƙorafi banki da rasit ɗin transfa sun karɓa sun ce in jira.

Jiya ƙanina ya turo min bidiyon nan dai, mashin ɗaya layi ɗaya murya ɗaya, amma sunan shafin ya canza kuma yanzu wai kayan Boxer da Lifan ma yana da su, farashi ya koma dubu 45. Masu guruf na 'yan acaɓa da makanikai dan Allah ku tura wannan, musamman 'yan Funtuwa da Malumfashi don a sabon bidiyon yana cewa motarsu na shiga can ranar Laraba.