Kafin ka sayi tsofaffin finafinan Murnau

F. W. Murnau, daraktan fim ɗan Jamus wanda aka haifa a Bielefeld a 1888, ya yi finafinansa na Jamus kafin ya koma Amurka a 1926, kuma dukkansu marasa murya ne. Da yawa daga cikin na farkon sun ɓace, kamar Der Januskopf na 1920. Uku ake nema a yau: Nosferatu na 1922, Der letzte Mann na 1924 da Faust na 1926. Gwanintar mutumin tana cikin haske da inuwa, su kuwa su ne abu na farko da mummunan kofi ke kashewa. Saboda haka zaɓen faifai ya kai zaɓen fim muhimmanci.

Nosferatu ne ya fi yawan kofin banza. A 1925 kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata shi, bayan Florence Stoker ta kai ƙara cewa an ɗauki labarin Dracula na marigayi mijinta, Bram Stoker, ba izini. Kofin da suka tsira sun watsu ƙasashe, an yanka, an sake kwafa, wasu har an mayar da sunan Orlok, dodon mai shan jini na fim ɗin, ya koma Dracula. Irin su ne ke yawo a faifai masu arha da intanet.

Fara duba launi. An ɗauki yawancin wuraren dare da rana tsaka, sannan aka rina fim ɗin: shuɗi alamar dare, ruwan ɗorawa rana ko hasken fitila, ruwan hoda ketowar alfijir. A kofi mai baƙi da fari zalla za ka ga Orlok yana ratsa gari da akwatin gawarsa cikin rana, alhali hasken safiya ne ajalinsa a ƙarshe. Labarin ya rushe ke nan. Sai tsawon lokaci. Gudun da ya dace da shi hoto 18 ne a daƙiƙa, wanda ke ba da kusan minti 94. In an kunna shi a hoto 24, mutane sai su riƙa sauri kamar ana korarsu, tafiyar Max Schreck (wanda ya fito a matsayin Orlok) mai sanyi da ban tsoro ta koma abin dariya. In ka ga an rubuta minti 60 da 'yan kai a bayan kwali, ajiye shi.

Kofin da aka fi dogara da shi shi ne wanda Luciano Berriatúa ya gyara wa gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden tsakanin 2005 da 2006, tare da kiɗan asali na Hans Erdmann da Berndt Heller ya sake haɗawa. Kamfanin Eureka na Ingila ya fitar da shi a jerin Masters of Cinema, Kino Lorber kuma a Amurka. Tushensu ɗaya, bambancin yana wajen na'urarka, domin faifan da aka kulle wa shiyya ba ya kunnuwa sai a na'urar wannan shiyyar. Blu-ray na Amurka shiyyar A ne, na Turai shiyyar B, kuma Afirka tana cikin B, don haka mai saye daga Kano ko Maraɗi ya fi samun sauƙi da na Eureka. A DVD lissafin daban ne: Turai shiyya ta 2, Najeriya da Nijar ta 5, sai dai in na'urar mai karɓar kowace shiyya ce. BFI, cibiyar finafinai ta Birtaniya, ita ma tana da nata Nosferatu, da kiɗan James Bernard mai nauyi da tsoratarwa. Yana da daɗi, amma ya dace ya zama faifai na biyu.

In kuɗin fim ɗaya gare ka kuma fasaha kake bi, Der letzte Mann ya fi Nosferatu, duk da bai kai shi suna ba. Emil Jannings ne mai tsaron ƙofar otal da aka tuɓe wa kakinsa aka mayar da shi kula da banɗaki. Mai ɗaukar hoto Karl Freund ya saki kyamara ta sauko cikin lif, ta ratsa zaure, ta yi layi tare da mai maye, kuma kusan babu allon rubutu, saboda haka ba ka bukatar Jamusanci ko Turanci. Nemi wanda aka rubuta cewa kofin Jamus ne da aka gyara, domin an haɗa wasu daban don kasuwannin waje, da hotuna daga wata kyamarar.

Matsalar ta fi tsanani a Faust. Kofin waje ya ƙunshi ɗaukar da ba ita ce zaɓin farko ba, shi ya sa faifai mai kyau kan zo da na gida Jamus, wani lokaci har da na wajen don kwatantawa. Gwada wurin da shaiɗan Mephisto ya shimfiɗa fikafikansa a kan gari: a kofi mai kyau ana ganin rufin gidaje da hayaƙi cikin duhun, a marar kyau sai baƙin dunƙule.

Da ka saka faifan, bar hoton a siffarsa ta 4:3, da baƙin fili hagu da dama, kuma ka kashe tsarin da ke santsa motsi. Miƙe hoton ya cika allo yana mayar da siririn Orlok ƙato.