Shagon gyaran talabijin a kudancin Jidda da ya haɗa mini wasannin jefa kwabo

Na je shagon ne da tsohon allon kwamfuta mai ƙusumbi wanda na saya a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh, ina fatan a haɗa shi da kwamfutata domin 'ya'yana su ga wasannin bidiyo na injinan da ake jefa wa kwabo kafin a buga kamar yadda muka gan su muna yara. Mai shagon dattijo ne Bahaushe haifaffen Sudan, kuma kafin ya taɓa komai sai ya juya allon ya karanta takardar bayansa, ya ce: "Alhaji, wannan ba zai ba ka abin da kake nema ba."

Bayanin da ya yi mini shi ne ya sa na yarda da shi. Yawancin injinan wasan da aka ƙera daga 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 suna zana layukan hoto ne da saurin kilohaz 15, irin na talabijin, alhali allon kwamfuta mai mashigar VGA ba ya karɓar ƙasa da kilohaz 31. Saboda haka dole a ninka kowane layi kafin hoton ya fito, kuma yanayinsa na asali yakan canja. Ya ba ni shawarar in ɗauki wani talabijin Sony Trinitron mai inci 21 da ke ajiye a shagon, ya karɓi allona a matsayin wani ɓangare na kuɗin.

Aikin da ya yi a cikin akwatin talabijin ɗin ya burge ni. Ya sauke cajin da ke maƙale a kwalbar allon kafin ya sa hannu, domin irin wannan talabijin yana aiki da bolt sama da 20,000 kuma cajin kan zauna ko bayan an cire wuta. Ya canja kafasitocin da zafi ya busar, ya daidaita gefunan hoton da suka karkace. A kwamfutar kuma ya sa tsohon katin hoto na Radeon, da manhajar sarrafa katin mai suna CRT Emudriver, da manhajar GroovyMAME, wadda reshe ce ta MAME, manhajar kunna wasannin tsofaffin injina a kwamfuta da Nicola Salmoria ya fara a 1997. Amfaninta shi ne tana ba kowane wasa girmansa da saurinsa na asali. Sai ya sa ƙaramin akwati mai juya siginar VGA zuwa wayoyi uku, kore da shuɗi da ja.

Da ya kunna Street Fighter II na 1991 a girmansa na ɗigo 384 a kwance da 224 a tsaye, na ga siraran layukan nan baƙaƙe tsakanin launuka, na kuma ji cewa hannu da hoto suna tafiya tare babu jinkiri. Metal Slug ma haka. Pac-Man ne kawai bai kai su kyau ba, domin allonsa na asali a tsaye yake, sai ya fito a matse da baƙi dama da hagu. Na nemi a kwantar da talabijin a gefensa, ya ce launuka za su gurɓace sai an sake share maganaɗisun allon, kuma talabijin ɗin zai iya kifewa a kan yara.

Inda ya gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Ya ce kwana 4, aikin ya kai kwana 11, kuma ni ne mai kira kullum. Sandar sarrafa wasan da ya haɗa mini mai arha ce, maɓalli ɗaya ya fara maƙalewa a mako na biyu. Abin da ya fi damuna shi ne bai rubuta mini saitin da ya yi ba, don haka ranar da ɗana ya taɓa wani wuri hoton ya riƙa birgima, sai da na sake ɗaukar kwamfutar zuwa shagon bayan la'asar. Ya gyara nan take bai karɓi ko riyal ɗaya ba, ni kuma na tsaya a kansa har ya rubuta lambobin a takarda.