Manhajar gano karo a zanen gini: kafin ka biya, tambayi abin da za ta tuna mako mai zuwa

Kowace manhaja da ake tallata wa ofisoshin zanen gini da sunan gano karo za ta nuna maka inda bututun ruwa ya huda bim ɗin kankare, ko inda hanyar iskar sanyi ta kutsa cikin ginshiƙi. Wannan ya daina zama abin burgewa. Idan mai talla ya haɗa samfuri biyu, wato zanen ginin na 3D daga injiniyoyi daban-daban, a kwamfutarsa, ja da kore suka cika allo, bar shi ya gama, sannan ka tambaye shi abu guda: in injiniyan famfo ya turo sabon zane ranar Litinin, ina makomar hukuncin da muka yanke a zaman Alhamis?

Samfurin gini ba ya zama wuri ɗaya. Mai gini zai ce a ƙara banɗaki a hawa na biyu, injiniyan kankare ya zurfafa bim, mai wuta ya karkatar da hanyar wayoyinsa. Kowane gyara yana kashe wani karo, ya haifi wani. Gwajin farko a babban gini yakan fito da dubbai, kuma akasarinsu ba matsala ba ne: bututu ne da ya bi ta ramin da dama aka yi niyyar bari a bango, ko fitilar da mazauninta ke cikin silin. Dole wani ya zauna ya tace, ya ce wannan a bar shi, wancan na injiniya wane ne, wannan kuma sai an haɗu. Tacewar nan ce ke cin lokaci da albashi. Manhajar da ke mantawa da ita duk lokacin da aka sabunta samfuri tamkar mai shago ce da ke yaga littafin bashi kowace Juma'a.

Sai ka san yadda tunawar take aiki kafin ka iya kwatanta su. Kowane abu a samfuri, bango ne ko bututu, yana da lambar shaida. A fayil ɗin IFC, tsarin da manhajoji daban-daban ke musayar samfuri da shi, lambar tana da haruffa 22, Revit, manhajar zanen gini ta kamfanin Autodesk, ma yana da tasa. Abin da manhaja ke riƙewa shi ne lamba kaza ta yi karo da lamba kaza. In mai zane ya matsar da bututun, lambarsa tana nan, labarinsa na biye da shi. In kuwa ya goge shi ya sake zana sabo a daidai wurin, abin da masu zane ke yawan yi idan sauri ya kama su, to lamba ta canza. Tsohon karo zai fito a matsayin wanda aka warware, sabo ya bayyana ba sharhi, ba sunan wanda aka ɗora wa alhaki, alhali a fili ko santimita ɗaya bai gusa ba. Rabin maganin wannan doka ce a ofis, kuɗi ba ya sayo ta.

Fara da abin da ke hannunka. Revit yana ɗauke da nasa mai gano karo, Interference Check, Archicad, wata manhajar zanen gini, ma ya samu nasa tun fitowa ta 21 a 2017. Na Revit zai ba ka jerin karo, ka fitar da rahoto, shi ke nan. Ba ya ajiye wanda aka duba da wanda ba a duba ba, ba ya auna tazarar da ake buƙata tsakanin abu biyu da ba su taɓa juna ba. Amfaninsa shi ne kowa ya share gidansa kafin ya tura wa wasu. Ga bene hawa ɗaya ko biyu da mutum biyu ke zanawa a ɗaki ɗaya, ya isa, kada ka ƙara kashe ko kwabo.

Navisworks shi ne wanda za ka fi jin sunansa. Wani kamfani ne a Sheffield ta Ingila ya ƙirƙire shi, Autodesk ta saye shi a 2007. A kula da suna wajen saye, domin iri uku ne: Manage ne ke da mai gano karo, Clash Detective, Simulate ba shi da shi, Freedom kuwa na kallo ne kawai, kyauta. In ofishinku na biyan kuɗin AEC Collection, ƙunshin manhajojin Autodesk, saboda Revit, Manage yana ciki, kuma akwai ofisoshin da ke da shi ba su taɓa buɗewa ba.

Manage yana bai wa kowane karo ɗaya daga matsayi biyar: sabo, wanda ke nan tun gwajin baya, wanda aka duba, wanda aka amince a bari, da wanda aka warware. Tsarin yana da kyau, amma sai an riƙe shi yadda ya kamata. Navisworks na ajiye aiki a fayil iri biyu, NWF da NWD; na NWF ba ya ɗauke da zanen kansa, nuni yake yi zuwa fayilolin injiniyoyi, ya ajiye gwaje-gwaje da hukunce-hukunce. Saboda haka in sabon samfuri ya zo da suna ɗaya a wuri ɗaya, sai ya ɗauke shi, tarihi na nan. NWD kuwa hoto ne na rana guda, na aika wa mai gini ko adanawa. Wanda ya mayar da NWD wurin aikinsa, ko wanda ke karɓar fayil yau da suna kaza, gobe an liƙa masa kwanan wata a ƙarshe, shi ke yanke igiyar da hannunsa. Haka batun zaɓo abubuwan da za a gwada. In ka bi da linzami ka zaɓi bututu ɗaya bayan ɗaya, bututun da aka ƙara mako mai zuwa ba ya cikin gwajin, kuma babu abin da zai faɗakar da kai. In ka kafa sharaɗin nema, misali duk bututun ruwan datti, sabo na shigowa za a kama shi.

Tarkon da ya fi ba ni tsoro a Navisworks shi ne kalmar "an warware". Manhajar ba ta san an gyara ko ba a gyara ba, abin da ta sani shi ne abubuwan nan biyu ba sa haɗuwa yanzu. A ce mai wuta ya fitar da fayil ɗinsa ya manta da hawa na uku, ko tushen ma'aunin samfurinsa ya goce har ginin nasa ya koma can gefe yana shawagi. Karo ɗaruruwa za su koma warwararru a lokaci guda, rahoto ya yi kyau, kowa ya yi hamdala. Duk ranar da adadi ya faɗi warwas haka, buɗe samfurin ka duba da idonka kafin ka aika wa kowa. Ban da wannan, tara karo masu tushe ɗaya rukuni-rukuni aiki ne mai gajiyarwa a cikinsa, har wasu ke sayen ƙarin manhaja don shi kaɗai. A Windows kawai yake aiki. Amma nauyin lissafin a kwamfutarka yake, ba ya jiran intanet sai don tabbatar da lasisi lokaci-lokaci, kuma wanda ke aiki a Kano ko Kaduna ya san darajar hakan.

Solibri, daga Helsinki ta ƙasar Finland, wanda kamfanin Nemetschek ya saya a 2015, da wata hanya ya zo. Ƙa'idoji kake rubuta masa: akwai isasshen fili a gaban wannan ƙofa, kowane ɗaki na da suna da lamba, an zana bango ɗaya sau biyu? Karo ɗaya ne daga cikin abubuwan da yake dubawa. Yana iya ɗora tsohon samfuri a kan sabo ya nuna maka abin da aka ƙara, abin da aka cire, da abin da aka taɓa, wanda ke da matuƙar amfani idan injiniya ya rantse cewa ɗan gyara kaɗan ya yi. Yana aiki a Mac ma. Sharaɗinsa IFC ne. In abokan aikinka ba su iya fitar da IFC mai tsabta ba, bango na fitowa ba a san bango ne ba, lambobin shaida na canzawa duk fitarwa, to ƙa'idojinka ba su da abin kamawa. Ni a ganina ya fi dacewa da ofishin da ke karɓar aiki daga manhajoji daban-daban, Archicad nan, Tekla can, Revit a tsakiya, kuma yana da mutum guda da zai ba shi lokaci ya koya.

Sai na kan intanet. Model Coordination na Autodesk, da ke zuwa da BIM Collaborate, yana gudanar da gwaji da kansa da zarar an ɗora sabon samfuri, ba sai wani ya danna komai ba. Saurinsa na da daɗi, sai dai bai kai Navisworks ba wajen ba ka ikon tsara gwaji dalla-dalla. Revizto na ƙasar Suwizalan da BIMcollab na ƙasar Holan sun fi ƙarfi a ɓangaren da tsofaffin manhajoji suka yi sakaci: mayar da karo ya zama aiki mai suna, mai wa'adi, mai tarihin wa ya ce me, wanda injiniya zai danna daga cikin Revit ɗinsa ya tsinci kansa a daidai wurin. Wanda aikinsa ƙarfe ne da Tekla, ya leƙa Trimble Connect, na kamfanin da ya mallaki Tekla, tukuna. Kafin ka sa hannu a kowanne, ƙirga mutum nawa ne za su buƙaci shiga, domin galibi kuɗin da kai-kai ake yi, duk shekara, da kuɗin waje. Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin tun 2016. Ka kuma tambayi kanka ko ɗan kwangilar da ke fili zai iya sauke babban samfuri da layin da yake da shi, da kuma me za ka iya fita da shi ranar da ka daina biya.

Amsar tambayar ƙarshen nan ita ce BCF, tsarin da Tekla da Solibri suka faro, yanzu yana hannun buildingSMART, ƙungiyar da ke kula da IFC. Ƙaramin fayil ne mai ɗauke da hoton matsalar, kusurwar da aka kalle ta, lambobin abubuwan da abin ya shafa, da sharhi, ba tare da samfurin ba, har ta imel ana iya tura shi. Manhajar da ba ta karɓarsa ko fitar da shi, ko da ta hanyar ƙarin manhaja, a jinkirta sayenta. Akwai ma na kyauta da ke fitar da shi, IfcClash, wanda ke cikin Bonsai, da aka fi sani da BlenderBIM a da. Yana aiki, amma sai kana da matashi mai haƙurin tono a ofis.

Kada ka yarda da samfurin da mai talla ya zo da shi, an gyara shi ne don ya yi kyau. Nemi lokacin gwaji, ka ɗauko tsohon aikinku mai zubi biyu. Gudanar da gwaji a kan na farko, ka amince da wasu karo, ka ɗora wasu a wuyan mutane, ka rubuta sharhi. Sannan ka lalata zubi na biyu da gangan: goge bututu ɗaya ka sake zana shi, cire hawa guda daga fayil ɗin mai wuta, ka kuma ɗauki bututun da aka amince ya ratsa tsakiyar bim ka matsar da shi kusa da ginshiƙi, inda injiniyan kankare ba zai taɓa yarda a huda ba. Lambobin nan biyu ba su canza ba, don haka mai yiwuwa manhajar ta ci gaba da nuna an amince. Duba ko za ta ɗaga maka tuta, in ba ta yi ba, ka tambayi mai tallan ta wace hanya ofishinku zai kama irin wannan kafin a zuba kankare.