Hayar kwale-kwale a Dagona don ganin tsuntsu mai bakin cokali

Duk wanda zai je Dagona, a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, kallon tsuntsayen ruwa, ya nemi mai kwale-kwalen da ke tuƙi da gora. Jirgi mai inji ba zai yi masa amfani ba, don kafin ya iso duk sun tashi.

Dattijon da na ɗauka masunci ne, kuma ya san ruwan nan ciki da waje. Na ce masa mai bakin cokali nake so in gani. Ya ce, "Malam, wannan ba ya shiga ruwa mai zurfi, sai mu bi gefe." Muka wuce dinya da kirinjijiya birjik, bai ko tsaya ba, har muka kai wani lungu da ruwan bai wuce gwiwa ba. Nan ya kafa gorarsa, ya ɗaga mini hannu in yi shiru.

Ga su kuwa, farare fat, fuska ja, ƙafafu ja. Irin na Afirka ke nan. Na Turai ƙafafunsa baƙaƙe ne. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake kiwo. Zalɓe tsayawa yake yi cik ya jira kifi, shi kuwa wannan tafiya yake a hankali, baki a ɗan buɗe cikin ruwa, yana kaɗa shi dama da hagu. Da ƙaramin kifi ko ƙwaro ya taɓa cikin bakin, sai ya datse. Shi ya sa ruwa ko ya gurɓace bai dame shi ba. Da suka tashi, dattijon ya nuna mini wuyansu a miƙe, ba kamar belbela da ke naɗe nata ba.

Inda na ga gazawa: babu rigar kariya ko ɗaya a jirgin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai iya iyo ba. Ciyawar kachalla ma ta toshe wasu hanyoyin ruwan, sai da muka yi zagaye mai nisa. Wannan ba laifin dattijon ba ne, ciyawar ta addabi fadamar Hadeja da Nguru gaba ɗaya.

A daidaita kuɗi tun a gaɓa. A je tsakanin Disamba da Fabrairu, a kuma fito da zarar an idar da sallar asuba, da rigar sanyi da ruwan sha.